Birnin Da Aka Haramta Hayaƙi

Da sunan Wanda ya halicci zafi, ya halicci sanyi, ya ba kowanne ranarsa. Ni ce Tasalla mai ƙosai, wadda ta shekara hamsin a bakin kasko, ta binne miji biyu, ta yi tafiyar da maza ba su yi ba. Abin da zan faɗa idona ya gani, hannuna ya taɓa. Wanda ya ga dama ya yarda. Wanda bai ga dama ba ya tashi ya ba wani wuri, don ba na son ƙus-ƙus ina magana.

Hayaƙi ne ya fitar da ni daga garinmu. Ya ci mini ido har sai na kai ƙwayar wake bakin hanci kafin in gane mai ƙwaro. Wata rana wani bafatake ya tsaya cin ƙosai a wurina, ya ce can bayan Kogin Yashi akwai birni mai suna Sulbana, inda ake girki babu itace babu hayaƙi, wuta tana gudu a cikin igiyar tagulla kamar yadda ruwa ke gudu a kwata. Na ce ƙarya yake. Ya rantse. Na ce to zan je in gani, in gaskiya ne in koyo, in ƙarya ce in dawo in neme shi. 'Ya'yana suka ce na tsufa. Na ɗaure ƙunshina ban kula su ba.

Kogin Yashi ba ruwa a cikinsa ko ɗigo. Yashi ne zalla yake malala, yana kumfa, yana ƙugi, jirage na yawo a kansa. Tafiyar kwana huɗu ce. A rana ta biyu, muna tsakiyarsa, mai jirgin ya ce jirgi ya yi nauyi, zai sauke ni a wani tsibirin dutse ya dawo ya ɗauke ni daga baya. Na duba tsibirin na ga ƙasusuwan waɗanda ya yi wa wannan alkawari kafin ni. Na tashi na zauna a kan salkar ruwansa, guda ɗaya tak da muke da ita, na zaro basilla daga ɗankwalina na ɗora tsininta a kan fatar. Ya dube ni, ya dubi basillar. Har muka kai gaɓa bai ƙara cewa jirgi ya yi nauyi ba.

Daga nan na shiga Ƙasar Kututture. Kwana uku ina tafiya tsakanin gindayen itatuwan da aka sare, kowanne faɗinsa ya kai ɗaki. A can na tarar da kunkuru manya kamar rumbu, ɗaruruwa, duk suna tona ƙasa suna shigewa, alhali rana tana ƙona ƙeya. Makiyayinsu, wani tsoho mai ido ɗaya, ya gaya mini cewa da can wurin kurmi ne, shi ke tare iskar Fararen Duwatsu ta arewa. Mutanen Sulbana suka sare shi kaf, suka yi turakun da suke rataya igiyoyinsu. Ya ce iskar ba ta cika saukowa ba, amma tun da aka haife shi bai taɓa ganin dabbobinsa sun yi irin wannan tonon ba. Ya ce in koma gida. Ni kuwa ban saba komawa daga rabin hanya ba.

A ƙofar Sulbana 'yan shinshina suka tare ni. Su ne masu tsaron birnin, kowanne riƙe da wata dabba mai kama da kura, hancinta ya kai kamu guda. Dabbobin suka bi zanena da shinshina suna atishawa. Aka kwance ƙunshina, aka ɗauke ƙyastun da nake kunna wuta da shi, aka jefa a rijiya. Aka sa na wanke kayana sau uku. Sannan aka karanta mini dokarsu: a zamanin kakanninsu gobara ta cinye birnin, saboda haka an haramta wuta mai harshe har abada. Gidan da aka ji ƙaurin hayaƙi a cikinsa za a rushe shi, a kori mutanensa zuwa cikin yashi. Na ce musu ko ɓarayin garinmu sun fi su ladabi. Suka yi kamar ba su ji ba.

Ba zan ɓoye ba, birnin ya burge ni. Zafinsu ya fi namu, amma sun san kansa. Bangon gidajensu siriri ne mai huji-huji kamar rariya don iska ta ratsa. Ruwa na gudu a bututu ƙarƙashin daɓe yana sanyaya ƙafa. Fanka na juyawa a kowane ɗaki. Fitilarsu ba ta shan mai. Tukunya kuwa sai a ɗora ta a kan wani baƙin faifan ƙarfe, a murɗa wani abu, ta tafasa. Duk wannan daga wata ƙatuwar farfela yake fitowa, wadda kogin garin ke juyawa a gindin dutse. A cikin mako guda idona ya daina hawaye.

Na sauka a gidan wani mai hawan turaku, Barmo, da matarsa Nanuwa, mai tsohon ciki, haihuwar fari. Mutanen kirki ne, ba zan ci amanarsu ba. Amma na zaga gidan kaf ban ga bargo ba, ban ga murhu ba, ban ga ko tsinken itace ba. Na tambayi Barmo yaya suke yi ran da farfelar ta tsaya. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Iya, ai ba ta tsayawa."

Na ce masa duk abin da hannu ya ƙera yana tsayawa. Ya ce ni baƙuwa ce, zan saba.

Ranar da na cika wata guda, bayan azahar, iskar ta sauko. Ba ta zo da ƙura ba, ba ta zo da hadari ba. Sama ta yi fari fat, tsuntsaye suka riƙa faɗowa daga kan igiyoyi kamar 'ya'yan kanya. Iskar ta shiga hujin bangon nan da suke taƙama da shi kamar an buɗe mata ƙofa dubu. Kafin gari ya waye kogi ya daskare tun daga sama har ƙasa, farfela ta tsaya, wuta ta ɗauke. Fanka ta yi shiru, fitila ta mutu, faifan girki ya zama ƙarfen banza. Bututun ƙarƙashin daɓe suka fashe, ruwa ya malale ɗakuna ya zama ƙanƙara, mutane suna ta zamewa suna karya ƙugu a cikin gidajensu.

Abin da ya fi ba ni haushi, ba su san ma me ya same su ba. Duk maganinsu na zafi ne. Na ga mace da idona tana yayyafa wa ɗanta ruwa don yana karkarwa, wai zazzaɓi ne. Na fizge ƙwaryar na mare ta. Mai shela kuwa ya riƙa zagawa yana cewa Magajin Igiya, wato shugaban birnin, ya ce a yi haƙuri, za a gyara kafin faɗuwar rana. Haka ya faɗa ranar farko. Haka ya faɗa ta biyu. Mutane suna tauna ɗanyen gari suna jiran faɗuwar rana.

Da hantsin rana ta biyu naƙuda ta kama Nanuwa. Ni na karɓi haihuwar, da hannun da ba na jin yatsunsa. Namiji ne, ɗan ƙarami. Babu ruwan zafi na wanka, babu kunu. Na kwantar da shi a ƙirjin uwarsa, na tattaro duk zanen da ke gidan na lulluɓe su, na kai su ɗakin ajiya, don shi kaɗai ke da bango mai kauri da 'yar taga ɗaya can sama. Zuwa washegari yaron ya daina kama nono. Leɓensa ya yi shuɗi. Kukansa ya koma kamar na ɗan mage.

Na ce wa Barmo ya ba ni wuƙa. Ya tambayi me zan yi da ita. Na ce wuta. Ya ja da baya kamar na zagi uwarsa. Ya ce za a rushe masa gida, ya ce kakansa a gobarar nan ya mutu, ya ce an yi shela yau za a gyara.

"Kai ɗan nan," na ce, "dubi bakin ɗanka. Wannan yaron ba zai ga la'asar ba. In gida kake so, ka zauna da gidanka, ka tona masa rami a tsakar gidan in ƙasar za ta tonu."

Ya tsaya yana kallon yaron. Ya fita ya dawo da wuƙa, ya ajiye a ƙasa, bai yarda ya miƙo mini hannu da hannu ba.

Na ɓamɓaro wani farin dutse daga dokin ƙofa, na farke matashi na ciro audugar rimi, na durƙusa ina ƙyasta bayan wuƙar a kan dutsen. Na fi sau ɗari. Na yanke babban yatsana ban ji ba. Can tartsatsi ɗaya ya faɗa a audugar ya kama. Na hura shi a hankali kamar mai rarrashi. Na karya kujera, na karya gado, na tara a cikin daron ƙarfe. Barmo bai taɓa ganin harshen wuta ba. Ya manne da bango yana salati.

Na narka ƙanƙara na yi wa mai jego wanka, na dama mata kunu, na gasa wa yaron jiki da tsumma mai ɗumi. Kafin azahar ya kama nono. Na nuna wa Barmo tagar nan ta sama na ce ko me za a yi kada a rufe ta. Na ce garwashi yana da wani numfashi da ido ba ya gani, in ya rasa hanyar fita sai ya kwantar da mutum barcin da ba a tashi. Ya ce ya ji.

Ɗumi ba ya ɓuya. Kafin la'asar matan unguwa sun fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da kwano a ƙarƙashin mayafi, ba mai kallon idon 'yar'uwarta. Na zuba wa kowacce garwashi. Na gaya wa kowacce, sau uku uku, a bar ƙofar iska. Su ma suka ba maƙwabtansu. Ban sani ba ko maganata ta bi garwashin zuwa inda ya je.

Da safiyar rana ta huɗu mai shela ya sauya magana. Ya ce labari ya kai wa Magajin Igiya cewa ana ƙeta doka, don haka 'yan shinshina za su bi gida gida, duk inda dabba ta yi atishawa a rushe. Ba a aiko da bargo ba. Ba a aiko da abinci ba. Abin da suka iya aikowa ke nan.

Itacenmu ya kusa ƙarewa, dole na fita kasuwa in samo karyayyun rumfuna. Kafin in fita na sake nuna wa Barmo tagar. Ya ce ya ji, amma idonsa na kan ƙofar gida. Da ma na lura da idon nan. Na daɗe ina cizon yatsa a kansa.

Ban kai azahar ba na dawo da ɗaurin itace a ka. Tun daga zaure na hango tagar. An cusa mata matashi. Ƙasan ƙofar ɗakin an toshe shi da tsumma, gefe da gefe, har ramin makulli. Aiki ne mai kyau, na mutum mai kula, ko sauro ba zai wuce ba. Na jefar da itacen na daki ƙofar da kafaɗa. Ta ƙi, don akwai nauyi a bayanta. Na sake duka har ta ba da hanya. Barmo ne zaune ya jingina da ita, da ragowar tsumma a hannunsa, fuskarsa lumui kamar mai jin daɗin barci.

Na ja Nanuwa ta ƙafa zuwa tsakar gida. Ta yi amai, ta yi nishi, na san tana nan. Na koma na ɗauko yaron. Ya yi laushi kamar tsumma. Na buɗe bakinsa na hura, na murza ƙirjinsa, na juya shi na buga bayansa, na sake hurawa. Ina yi ina masa faɗa, ina cewa ban yanke yatsana don ka mutu ba, ɗan banza, tashi. Ya ja wata 'yar ajiyar zuciya. Sannan ya tsala kuka.

Barmo na yi masa duk abin da na sani. Bai tashi ba.

Na zare matashin daga tagar, na mayar da uwa da ɗa kusa da ɗumi, ƙofa a buɗe, na leƙa waje. Sai a lokacin na ji shirun unguwar. Na ɗaga kai na duba bangayen nan masu huji. Kowane huji an toshe shi: jan zane, shuɗin ɗankwali, rigar yara, hula. Layi guda, gida bayan gida, kamar an yi wa unguwar ado. Mutanen da ba su taɓa zama da wuta ba, aka tsorata su da rushe gida, suka yi abin da hankalinsu ya ba su.

Na sha yin fushi a rayuwata. Wannan daban ne. Na naɗa gammo mai kauri, na raba garwashin biyu, na ɗora rabin a ka a cikin daro, na zuba masa ɗanyen tsumma don ya yi hayaƙi sosai. Na bi tsakiyar titi ina tafe hayaƙi na bina kamar tuta, ina dukan kowace ƙofa da ƙafar gado, ina cewa a buɗe. 'Yan shinshina suka biyo ni, dabbobinsu na ta atishawa, amma ba wanda ya iya matsowa, don tsoron abin da ke kaina suke yi.

A dandalin birnin akwai tarin turaku, tsayinsa ya fi gidan sama, ragowar kurmin da suka sare. Nan na nufa. Magajin Igiya ya fito daga zaurensa, dogo, siriri, ya naɗe jikinsa da labulen taga, gemunsa ya yi fari da ƙanƙara. Ba zan yi masa ƙarya ba, shi ma babu wuta a gidansa. Haƙoransa na kaɗawa ya buɗe littafin dokarsu ya fara karanta mini.

Na ce ya rufe. Na ce mutanensa suna mutuwa a bayan ƙofofi yanzu haka, ba sanyi ke kashe su ba, shelarsa ce.

"Baiwar Allah," ya ce, "doka ba ta ce ban da lokacin sanyi ba. In na buɗe ƙofa yau, gobe birnin nan toka ne."

"Birnin wa? Wa zai rage a ciki?"

Ya ce a kama ni. Na juye daron a gindin turakun. Itacen ya shekara da shekaru yana bushewa. Ya kama kamar yana jira.

Wutar ta tashi har ana ganinta daga kowace unguwa. Dabbobin nan masu dogon hanci su suka fara sallamawa, suka ja masu riƙe da su har bakin wutar suka kwanta. Na juya kan 'yan shinshinan na ce ga hayaƙi nan ya cika gari, ba sauran abin shinshinawa, ba sauran abin ɓoyewa, su je su fasa ƙofofin iyayensu. Suka dubi Magaji. Magaji na kallon wutar, littafi a hannu. Ɗaya ya ruga. Sauran suka bi shi.

Har yamma ana fito da mutane ana shimfiɗewa a dandali. Wasu sun tashi. Da yawa ba su tashi ba. Ban iya ƙidaya mai yawa ba, amma na san layin ya kai daga zauren Magaji har bakin kasuwa, kuma na gane fuskokin wasu matan da na zuba wa garwashi da hannuna. Na je na goyo yaron, na riƙo Nanuwa, na kawo su gefen da iska ba ta bugawa. Kwana bakwai birnin Sulbana ya zauna a bakin wutar nan, ana dafa abin da aka samu a tukunya ɗaya. A nan aka raɗa wa yaron suna, babu rago, babu guɗa.

A rana ta goma sha ɗaya iskar ta janye. Kogi ya narke, farfela ta juya, fitilu suka kama da tsakar rana, fanka ta hau kaɗa iska a ɗakunan da babu kowa. Mutane suka yi ta murna. Kafin la'asar sun kwashe tokar dandalin sun wanke wurin da sabulu. Washegari aka kira ni shari'a.

Magaji ya ce kafin zuwana ba a taɓa mutuwar hayaƙi a Sulbana ba, wannan kuwa gaskiya ne. Ya ce an yafe wa 'yan gari duka, don baƙuwa ce ta ruɗe su. Na duba taron. Duk wanda ke tsaye a wurin da wutata ya rayu. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafarsa. Na ce garwashin ni na bayar, zan amsa wannan a gaban Allah, amma tsumman da aka cusa a tagogi ba ni na cusa ba, kuma ba ni na sare kurmi ba. Na tambaye su ko za su gina murhu ko ɗaya saboda gaba. Magaji ya ce irin wannan iska ba ta zuwa sau biyu.

Sannan aka kira Nanuwa, tunda a gidanta aka fara. Aka ce in ta shaida cewa wutar baƙuwa ce ta kashe mijinta, za a bar mata gidanta. Ta miƙe da ƙyar, jego ko mako biyu bai yi ba, yaron a kafaɗarta. Yarinya ce mai kunya, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Ranka ya daɗe, wutar Iya ɗana ta raya. Mijina tsoronku ne ya kashe shi."

Aka rushe gidan a ranar. Aka raka mu ƙofar birni mu uku, aka rufe a bayanmu. Rana ta dawo da zafinta kamar ba abin da ya faru. Nanuwa ta tsaya tana kallon kututturan da suka miƙe har ƙarshen gani, ta tambaye ni ko garinmu da nisa. Na ce da nisa. Ta fara hawaye. Na ce ta adana ruwan idonta, akwai yashi a gaba, kuma ta juyo in gyara mata goyon nan, ta bar kan yaro yana lilo kamar ba ta san wahalar da aka sha a kansa ba. Ta juyo. Na ɗaure majanyin tam, na sa hannu na ji numfashinsa a tafina, muka kama hanya.

Iyakar abin da na gani ke nan a Sulbana. Wanda ya ƙara a kai, shi ya sani da Ubangijinsa.